Bayan An Cire Ɗinki: Hannu, Kafaɗa da Zaman Gida Bayan Maganin Kansar Mama

(Kiɗan buɗe shiri)

Magidanta, don Allah kada a murɗa akwatin rediyo a ce yau zancen mata ne. Akwai kasonku a ciki, kuma mai tsoka ne.

An daɗe ana faɗakarwa kan kansar mama, wadda wasu ke kira sankara ko ciwon daji: mace ta riƙa duba jikinta, in ta ji ƙullutu ta garzaya asibiti. Wannan kira yana nan daram. To, wadda ta amsa kiran fa? An yi mata aiki, an cire nonon ko wani sashe nasa, ta sha maganin kansa da ake kira kemo, ta je Zariya ko Sakkwato ko Abuja ko Yamai an yi mata gashin na'ura, an sallame ta. 'Yan dubiya sun zo an yi barka da arziki, kowa ya kama gabansa. Sai ta wayi gari za ta ɗaura ɗankwali, hannu ya ƙi kaiwa ƙeya. Kan wannan baiwar Allah za mu yi magana yau.

Kuma irinta suna da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kaɗai mata miliyan 2.3 aka gano suna da kansar mama a faɗin duniya, sama da 30,000 daga cikinsu a Najeriya. A wajenmu mafi yawa sai ciwon ya yi nisa suke isa asibiti, shi ya sa aikin da aka fi yi musu shi ne babban: a cire nonon gaba ɗaya, a kuma kwashe ƙwayoyin kaluluwar da ke cikin hammata, domin nan ne zangon farko da ciwon ke yada zango idan ya fara tafiya. Ku riƙe wannan maganar ta hammata. Yawancin matsalolin kafaɗa da hannu da za mu ambata daga nan suka taso.

Bari mu fara da kafaɗa. Mace ta dawo gida da ɗinki daga tsakiyar ƙirji har cikin hammata. Uwa ta zo jinya, ko yaya, ko ƙanwa, kuma don tsabar tausayi sai a ce: "Ke dai kwanta, kada ki motsa hannun nan, ɗinki zai ɓalle." A yi mata wanka, a sa mata riga, a ba ta abinci a baki. Ita ma tsoro ya sa ta manne hannun a jikin haƙarƙari, ta ɗan duƙar da kafaɗa tana kare wurin. Sati uku, sati shida, ciwon waje ya warke tas. Amma tabon da ke ciki ya riga ya kama fata da tsoka ya ɗaure su wuri guda, gaɓar kafaɗar ta sandare. Allah ya saka wa masu jinya da alheri, niyyarsu mai kyau ce, sai dai wannan nau'in tausayin yana iya janyo wa mace wahalar shekara guda ko fiye.

Abin da likitocin fisiyo, wato waɗanda jama'a ke kira masu gashin ƙashi, ke koyarwa shi ne a fara motsi tun washegarin aiki, in dai likitan da ya yi aikin bai hana ba. Motsin farko mai sauƙi ne. Ki dunƙule hannu ki buɗe. Ki juya wuyan hannu. Ki lanƙwashe gwiwar hannu ki miƙe. Ki ɗaga kafaɗu wajen kunnuwa ki sake su, ki juya su baya a hankali. Ki ja numfashi mai zurfi har ki ji haƙarƙari sun buɗe. A kwanakin farko, musamman in robar da ke zuƙe ruwan ciwon tana jiki, ba a ɗaga hannu ya wuce saitin kafaɗa. Amma cin abinci, wanke fuska, goge haƙori, duk ki yi da hannunki.

Idan an cire robar, ciwo kuma yana warkewa lafiya, yawanci bayan sati ɗaya zuwa biyu, sai a ƙara sama. Wadda ke kusa da bango ta gwada yanzu tare da ni, ko da lafiyarta ƙalau, don ta iya koya wa wata. Ki fuskanci bango, ki ɗora tafin hannu a kai. Ki riƙa hawa da yatsu kaɗan-kaɗan, har inda za ki ji fata ta ja. Ki tsaya nan, ki ƙirga goma, ki sauko a hankali. Ki sa gawayi ko alli ki yi alama a inda kika kai. Gobe ki nemi ki wuce alamar ko da faɗin yatsa ɗaya ne. Sannan ki juya ki ba bangon gefenki, ki sake hawa ta gefe, domin wannan ne ya fi wuya kuma shi aka fi gudu.

Na biyu kuma a kwance ake yi. Ki kwanta rigingine, ki riƙe sanda ko muciya da hannu biyu, ki ɗaga ta sama ki kai ta wajen kai, lafiyayyen hannu yana taimakon ɗan'uwansa. Daga nan ki haɗa yatsu a ƙeya, ki buɗe gwiwoyin hannu su nufi katifa. Kowanne sau biyar zuwa goma, sau uku a yini. Mai gudun mantuwa ta haɗa shi da lokutan salla: bayan asuba, bayan la'asar, bayan isha'i. Ƙa'idar guda ce: jin ja ba laifi, amma zafi mai tsanani alama ce ta a dakata. In wurin ɗinkin ya buɗe, ko ya cika da ruwa ya yi tulu, ko yana fitar da mugunya, a koma asibiti. Wadda kuma aka yi wa aikin sake gina nono, tsarinta daban ne, ta bi abin da likitanta ya tsara.

Wani zai ce wannan ɗan hawan bango har wani magani ne? A Birtaniya an gwada. An ɗauki mata 392 da aka yi wa irin wannan aiki, rabi aka ba su takardar bayani kawai, rabi aka haɗa su da likitan fisiyo tun kwana 7 zuwa 10 bayan aiki. Da aka fitar da sakamako a 2021, bayan shekara guda waɗanda suka bi tsarin motsa jiki sun fi amfani da hannunsu, sun kuma fi ƙarancin ciwo, ba tare da kumburi ko matsalar ɗinki ta ƙaru ba. Ga kuma dalilin da ya shafe mu kai tsaye: a kan gadon gashin na'ura dole mace ta ɗaga hannu sama da kai ta riƙe shi a haka. Ka ga an sayar da akuya da ɗan kunne an yi kuɗin mota, an samu layi da ƙyar, sannan a ce a koma gida sai kafaɗa ta saki. Bayan gashin ma ba a daina motsin, don naman da aka gasa yana ci gaba da ɗaurewa watanni da yawa, wani lokaci har shekara biyu.

Akwai wasu abubuwa da ke firgita mata, ya kamata a san su tun da wuri. Wata za ta ga wani abu kamar igiya ya miƙe ƙarƙashin fata daga hammata zuwa gwiwar hannu, yana ja in ta miƙa hannu. Hanyoyin ruwan jiki ne suka taurare, kuma miƙa hannu da tausar likitan fisiyo na sakin su. Wata za ta ji bayan damtsenta ya mutu, ko yana yi mata zugi da tsira-tsira kamar ana soka allura, saboda wata 'yar jijiya da ke ratsa hammata wadda aiki ke taɓawa. Wata ma za ta ji ƙaiƙayi a kan nonon da babu shi, har ta ji tsoron faɗa kada a ce ta taɓu ko an yi mata sammu. Sananne ne a wurin likitoci. Ciwon jijiya yana da nasa magani daban, kuma likita ne ke rubuta shi. Sayen ƙwayoyi masu ƙarfi a kemis ba tare da takarda ba wata sabuwar fitina ce.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Masu sauraro, har yanzu muna kan batun kula da mace bayan maganin kansar mama. Yanzu mun zo kan kumburin hannu, wanda a ganina shi ne abin da aka fi sakaci da shi.

Ban da jini, akwai wani farin ruwa da ke zagaya jiki yana kwashe datti da ƙwayoyin cuta. Na hannu da ƙirji ta hammata yake bi, ƙwayoyin kaluluwa su tace shi kafin ya koma cikin jini. Ku ɗauki misalin unguwa da damina: in aka toshe babbar kwata, ruwa zai nemi ƙananan lunguna ya bi. Ranar da aka yi yayyafi ba wanda zai lura. Ranar da aka yi kamar da bakin ƙwarya sai ya kwanta a ƙofar gidaje. Haka hannun da aka kwashe masa kaluluwa yake. Wanda ya san ciwon tundurmi ya san ƙarshen irin wannan toshewa, duk da cewa musabbabinsa daban ne.

Kusan mace ɗaya cikin biyar da aka kwashe wa kaluluwar hammata takan samu wannan kumburi. Haɗarin ya fi yawa ga wadda aka gasa wa hammata, da mai ƙiba, da wadda hannun ya taɓa ruruwa. Yawanci cikin shekara biyu zuwa uku na farko yake bayyana, amma yana iya zuwa bayan shekara goma. Kuma ba da hayaniya yake shigowa ba. Zobe ne zai fara matsewa, awarwaro ya ƙi wucewa, hannun riga ɗaya ya fi ɗaya kamawa, hannu ya riƙa nauyi da yamma ya saki da safe. A nan ake kama shi cikin sauƙi. A ari tef ɗin tela, a auna hannu biyun a wuri ɗaya, misali santimita 10 sama da gwiwar hannu da santimita 10 ƙasa da ita, a rubuta a littafi sau ɗaya a wata. In bambancin ya kai santimita 2, ko yana ƙaruwa, a je asibiti. Dole likita ya duba tukuna, domin gudan jini a jijiya ko dawowar ciwon su ma suna kumbura hannu.

A da, ko a ƙasashen Turawa, shawarar da ake ba mata ita ce su ajiye hannun har abada: kada a ɗauki jaka, kada a ɗauki jika. A 1996 wani likitan wasanni a birnin Bankuba na Kanada, Don McKenzie, ya yi shakkar wannan magana. Ya tara mata 24 da suka yi maganin kansar mama, ya horar da su sannu a hankali, ya sa su tuƙa dogon kwalekwalen tsere, aikin da hannu da kafaɗa ne ke yin sa. Ba wadda ta samu sabon kumburi. Daga baya a Jami'ar Pensilbeniya ta Amurka, Kathryn Schmitz da abokan aikinta suka yi gwaji da mata 141 waɗanda hannunsu ya riga ya kumbura. Rabi suka riƙa ɗaga ƙarfe sau biyu a sati, an fara da mara nauyi ana ƙarawa, suna sanye da safar hannu mai matsewa. Sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna kumburinsu bai ƙaru ba, ƙarfinsu ya ƙaru, yawan tashin kumburin ma ya ragu.

To, mu matanmu ba su da kwalekwalen tsere, amma suna da turmi da taɓarya, da guga a bakin rijiya, da tuƙin tuwon gidan mutum goma sha biyar, da wanki, da goyo. Matsalarmu iri biyu ce. Ko dai a hana mace komai, ko kuma ranar da mai jinya ta koma gidanta a zube mata aikin gida gaba ɗaya. Duka biyun suna cutarwa. Sati huɗu zuwa shida na farko ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba daka, ba jan ruwa. Bayan nan a dawo mataki-mataki. A fara da shara, tsintar shinkafa, tankaɗe, wanke-wanke. Jan ruwa a fara da rabin guga. Daka a yi luguden mintuna kaɗan a miƙa wa wata. Tuwo a fara da ƙaramar tukunya. Bayan kowane sabon aiki a saurari hannun zuwa washegari: in ya yi nauyi ko ya tasa, a koma matakin baya na 'yan kwanaki. Sannu ba ta hana zuwa. Kishiya ko suruka ko 'ya da ta karɓi girki na wata biyu ta yi jinyar da ta fi kwanon dubiya goma.

Babban abokin gaban wannan hannu shi ne ƙwayar cuta, kuma ta fata take shiga. Ƙunar murhu, fantsamar mai, yankan wuƙa, ƙayar kifi, cizon sauro da aka sosa, faso da kaushin hunturu, duk ƙofofi ne. A riƙa shafa man kaɗanya ko basilin kullum bayan wanka. A kwana cikin gidan sauro. In an ji rauni, komai ƙanƙantarsa, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a rufe, a sa ido. Masu son ƙunshi, jan lalle na gargajiya a kan lafiyayyar fata da sauƙi, amma baƙin nan da ake haɗawa da sinadarin rini yana ƙona fatar wasu, a nisanta shi da wannan hannu. Wajen allura, ɗibar jini da awon hawan jini, in da hali a ba da ɗaya hannun. In babu hali, kada hankali ya tashi. Binciken baya-bayan nan ya nuna haɗarin bai kai yadda ake zato a da ba.

Ga wurin da nake so kowa ya buɗe kunne. In hannun ya yi ja, ko fatar ta ƙara duhu tana sheƙi, ya ɗau zafi, yana zugi, ga zazzaɓi da rawar sanyi, kada a ce maleriya ce a sayo magani a sha a kwanta. Ruruwar fata ce, tana yaɗuwa cikin sa'o'i, tana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta daga likita a ranar. Kowace ruruwa tana ƙara lalata 'yan hanyoyin da suka rage.

Idan kumburin ya zauna, akwai abin yi. Ba ya warkewa kwata-kwata, amma yana raguwa sosai, a kuma riƙe shi. Likitan fisiyo zai naɗe hannun da bandeji na musamman hawa-hawa daga yatsu zuwa hammata, ya koyar da motsi a cikin naɗin, ya yi wata tausa mai laushi ƙwarai wadda ke kora ruwan zuwa ɓangaren da hanyoyinsa ke buɗe. Wani ɗan ƙasar Denmak, Emil Vodder, shi ya fara tsara irin wannan tausa a shekarun 1930. In hannu ya sauka sai a auna safar hannu mai matsewa daidai da shi, a riƙa sawa da rana. A auna nake cewa, domin wadda aka sayo da ka a kasuwa, in ta matse sama ta bar ƙasa, ƙara kumburin take yi. Game da alwala a kan naɗi, malamai sun yi bayanin shafa a kan bandeji, a tambaye su. Abin da ba a yi wa hannun nan: ƙaho, tsaga, sakiya, gashi da ruwan zafi ko tawul mai tururi, da murza mai ƙarfi. Wanzamai iyayenmu ne, muna girmama sana'arsu, amma wannan ruwan ba ya fita ta ƙaho, ƙwayar cuta ce kawai ke shiga ta wurin tsagar. Maganin sa fitsari shi ma ba ya janye shi.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Jama'a, sai gajiya. Mace ta gama kemo da gashi, ana ganin ta warke, amma share ɗaki ɗaya sai ta zauna tana haki. Barci ba ya kore wannan gajiya, kuma ba lalaci ba ne, kada a goranta mata. A fara da duba jini, don ƙarancinsa na kawo haka. In jini lafiya, abin da bincike ya fi tabbatar da amfaninsa shi ne tafiya a ƙasa. A fara da minti biyar ko goma, ana ƙarawa har a kai minti 30 a yawancin ranakun sati. Wadda ba ta fita, zagayen tsakar gida da sanyin safiya ya wadatar. Gashin kai yana dawowa cikin 'yan watanni. Masu jin tafin ƙafa da yatsu sun yi dindiris bayan kemo su guji tafiya ba takalmi, su kuma gwada zafin ruwa da gwiwar lafiyayyen hannu kafin wanka. Abinci kuwa babu wani na musamman: wake, ganye, zogale, kifi, ƙwai, 'ya'yan itace gwargwadon hali, a kuma kula kada ƙiba ta hau.

Wasu matan ana ɗora su kan ƙwaya ɗaya kullum, irin su tamoxifen ko letrozole, na tsawon shekara 5, wani lokaci har 10. Aikinta hana sinadarin mata ciyar da ragowar ƙwayoyin ciwon. Takan kawo jin zafi da gumi farat ɗaya, ko ciwon gaɓoɓi, sai mace ta ga ai ta warke, ta ajiye. Wannan ajiyewar na buɗe wa ciwon hanyar dawowa. A gaya wa likita damuwar, akwai dabaru, akwai canji. Da azumi ana iya mayar da ita lokacin sahur ko buɗa-baki. Mai shan tamoxifen in ta ga jinin da ba na al'ada ba, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ta je asibiti ba jinkiri. Jiƙe-jiƙe da garin magani da 'yan'uwa ke kawowa kuma, a nuna wa likita kafin a sha, don wasu na karo da maganin asibiti, wasu na taɓa hanta da ƙoda.

Wurin da aka cire nono, mata da yawa tsumma suke cusawa su rufa da hijabi. Ban da kunya akwai batun nauyi: in nonon da ya rage babba ne, jiki na karkata, wuya da baya su ɗauki ciwo. Akwai nonon roba da ake sawa cikin rigar mama bayan ciwo ya warke, sai dai yana da tsada kuma yana sa gumi a zafinmu. Tela mace za ta iya ɗinka aljihu a cikin rigar mama, a saƙa ko a ɗinka madadin da auduga mai laushi. 'Yan mata masu koyon saƙa, ga sana'a ga lada.

Yanzu magidanta, ga kasonku. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya an bibiyi matan aure 81 da aka cire wa nono, aka wallafa sakamakon a 2010. Wata shida bayan aiki, kusan kashi 68 cikin 100 sun ce suna jin ba su cika mace ba, kashi 79 sun ce kusantar aure ta ragu. Bayan shekara uku, kashi 38 cikin 100 an sake su ko sun rabu da mazajensu. Wato fiye da mace ɗaya cikin uku. Wannan a ƙasarmu ne, tsakaninmu. Kuma labarin ba ya tsayawa a gidan da abin ya faru. Maƙwabciya tana gani, ƙanwa tana gani. Gobe in ɗayarsu ta ji ƙullutu, ko likita ya ce sai an cire, za ta tuna da wadda aka mayar gidan iyayenta da tabo a ƙirji, ta ce gara ta rufa asirinta ta sha jiƙo. Ni a ganina mijin da ya yi saki saboda wannan yana da hannu a jinkirin matan da bai ma san su ba.

Malam, ba a ce ka zama likita ba. Ka raka ta asibiti ko sau ɗaya ka ji da kunnenka. Ka riƙe mata tef ɗin awo. Ranar kwananta ta zama ranar kwananta. Kansa ba ta yaɗuwa ta kwano, ko shimfiɗa, ko saduwa, don haka ware mata kofi da cokali jahilci ne mai ciwo. In magani ya kawo bushewar gaba ko raguwar sha'awa, akwai man da ake samu a kemis, akwai kuma haƙuri da magana mai daɗi. Batun haihuwa, mata da yawa sun haihu bayan magani, har sun shayar da nonon da ya rage. Amma ba a ɗaukar ciki ana kan kemo ko tamoxifen, kuma hanyoyin tazarar haihuwa masu sinadari, irin su ƙwaya, allura da ashanar hannu, ba su dace da wadda ta yi wannan ciwo ba. A zauna da likita a zaɓi wata hanya, a kuma tsara lokaci. Mace kuma in baƙin ciki ya zauna mata sati da sati, ba barci, ba cin abinci, ba ta son ganin kowa, wannan ma ciwo ne da ake magani. Addu'a da tawakkali suna tafiya tare da ganin likita. Haɗuwa da wadda ta riga ta bi hanyar na da tasiri ƙwarai. Ƙungiyar BRECAN mai yaƙi da kansar mama ma, wata wadda ta yi ciwon ta tashi ce ta kafa ta a Ibadan a 1997, wato Betty Anyanwu-Akeredolu.

Ranakun komawa asibiti kada a yi wasa da su, ko da ana jin garau: yawanci duk wata uku zuwa shida a shekarun farko, da hoton nonon da ya rage sau ɗaya a shekara. Tsakanin ranakun, abubuwan da ba sa jira su ne sabon ƙullutu a kan tabo, a hammata ko saman ƙashin wuya. Ciwon ƙashi ko na baya da ya ƙi tafiya, musamman mai tashin mutum da dare. Tari ko haki da ya daɗe. Ciwon kai da amai. Idanu su yi ɗorawa. Rama ba dalili. Ciwon baya tare da sanyin ƙafafu ko kasa riƙe fitsari kuwa, a ranar ake tafiya, ko da tsakar dare ne. Wadda ciwon ya riga ya taɓa mata ƙashi ita ma tana amfana da motsi, amma sai wanda likita ya tsara mata. Kuma ko an ce ciwo ba zai warke ba, rage zafi, gyaran miki da sauƙaƙa numfashi haƙƙinta ne, a nema mata.

Manyan asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, duk suna da sashen fisiyo, haka ma asibitocin tarayya da manyan asibitocin jihohi da dama. Sau da yawa cunkoso kan sa likitan tiyata ya manta bai tura mace can ba. Ku tambaya da bakinku, tun kafin sallama: "Likita, a rubuta mana takardar ganin likitan fisiyo." Waɗanda suka zo daga nesa su roƙi a koya wa mai jinya motsin a gabansu, in da waya a ɗauki bidiyonsa a tafi da shi gida.

Lokaci ya cim mana. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.

(Kiɗan rufe shiri)